Filin Tambaya da Amsa: Wai me ake tatsa daga tuƙar inabi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon da yawa, amma na ware guda uku saboda duk a kan abu ɗaya suke zagayawa, ko da yake masu su ba su san juna ba. Sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce ajin ƙarshe a sashen kimiyyar abinci a wata jami'a nan Legas, a Agege muke zaune. Malamin da ke duba furojek ɗina ya ba ni taken wai ciro antioksidan daga sharar masana'antar giyar inabi da enzayim. Wallahi na karanta takardu har kaina ya ɗau zafi ban kama bakin zaren ba, kuma ni a ina zan samo sharar inabi a garin nan? Ga Baba ya ce shi ba za a shigo masa da kayan giya gida ba. Dan Allah ki warware min.

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankalinki, abin bai kai wahalar da takardun nan suke nunawa ba. Mu fara da sharar kanta. Idan aka matse inabi aka ɗebe ruwan, abin da ya rage shi ne ɓawo da ƙwallaye da 'yan tsinkayen jiki, wato tuƙa kenan, kuma tana kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyin inabin da aka matse. Toh duniya na noma inabi sama da tan miliyan 70 duk shekara, kusan rabinsa giya ake yi da shi, musamman a Italiya da Faransa da Sifen, a nahiyarmu kuma Afirka ta Kudu wajen Stellenbosch, kinga kenan miliyoyin tan na tuƙa ke fita cikin 'yan makonnin girbi kawai, jiƙe sharkaf, in an tara ta kwana biyu ta fara tsami da wari da ƙudaje, ruwan da ke tsatsafowa daga ita kuma ya ɓata ƙasa da rafi. Su can ciwon kai ce a gare su. Tun da daɗewa suna rage ta, wasu su yi taki, wasu su ba dabbobi, wasu su tatsi mai daga ƙwallon, a Italiya kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 suke ciro jan launi daga ɓawon suna sayar wa masu kayan abinci, shi ne wanda za ki ga an rubuta E163 a bayan wasu kwalaben lemo da alawa.

Sai maganar antioksidan. Ke da kike Agege ai kin san goro, garin ma da cinikin goro kakanninmu suka zauna shi. Ki ɓare farin goro ki ajiye minti kaɗan, za ki ga fuskar ta koma ja-ja, haka doya in an fere ta an bari, haka man gyaɗa in ya daɗe a galan ya canza wari yana maƙaƙi a wuya. Duk aikin iskar oksijin ne, tana cin abu a hankali. Antioksidan shi ne duk sinadarin da zai tari wannan cin ya rage masa gudu. Tsirrai suna ƙera nasu don kare kansu daga zafin rana da ƙwari, babban gidansu shi ake kira folifenol, kuma a inabi yawancinsu ba a cikin ruwan suke ba, a ɓawo da ƙwallo suke. A ɓawon baƙin inabi akwai antosayanin mai ba da launi, da kwasetin, da ɗan resberatol. A ƙwallon kuma akwai katekin da tanin, su ne ke sa baurin nan da kike ji in kin tauna ƙwallon inabi. Ko bayan an gama matsa kaso mai yawa na nan maƙale a tuƙar, wannan shi ne arziƙin da ake bi.

Me ya sa suke maƙalewa? Kowane ƙwayar halitta ta tsiro tana da bango, ki ɗauke shi kamar katangar ƙasa irin ta gida, selulos shi ne tubalin, fektin shi ne kwaɓaɓɓiyar lakar da ta riƙe tubalan, su folifenol wasu suna cikin ɗaki a kulle wasu kuma sun manne a jikin katangar kanta. Tsohuwar hanya ita ce a jiƙa garin tuƙar a etanol, wato tsantsar barasa, ko metanol ko asiton a ɗumama, a tace, sannan a ƙafar da sinadarin. Tana aiki kam, gaskiya ma sau da yawa ruwan da aka gauraya da etanol ya fi fitar da kaya da yawa, amma akwai tsada, akwai haɗarin gobara, metanol kuwa guba ne ba a son ko ɗigonsa ya rage a abin da mutum zai ci, zafi mai yawa kuma yana kashe launin.

Nan ne enzayim ya shigo, kuma kin daɗe da saninsa ba ki dai san sunansa ba ne. Lokacin da ake dama kunun zaƙi, bayan an sheƙa tafasasshen ruwa gasara ta yi kauri, sai a bari ta ɗan huce a zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a rufe a bar shi ya kwana, da safe ki ga ya tsinke ya yi zaƙi tun ba a sa suga ba. Wani enzayim ne mai suna amiles ya yanyanka sitacin ya mai da shi suga. Kuma kin lura ba a zuba shi a kan tafasa, don zafin zai kashe shi. Kowane enzayim da abin da yake yanka, ba ya taɓa na wani. A aikinki waɗanda ake buƙata su ne fektines mai narka fektin, da selules mai yanka selulos, da hemiselules, wani lokaci a ƙara tanes wanda ke ɓalle galik asid daga jikin tanin. Daga fumfuna ake samo su, irin su Aspergillus niger da Trichoderma reesei, ana kiwonsu a manyan tankuna. Kamfanin Novozymes na ƙasar Denmak, wanda ya haɗe da Chr. Hansen a 2024 suka koma Novonesis, shi ke yin waɗanda za ki yi ta cin karo da sunansu a takardu, Pectinex da Celluclast da Viscozyme.

Ga yadda aikin yake a kan tebur. Ki busar da tuƙar a oben mai sanyin wuta, kar ya wuce digiri 50 zuwa 60, ki niƙe ta ki tankaɗe, ƙwallon sai an fasa shi sosai don yana da tauri enzayim ba ya iya huda shi a dunƙule. Ki auna gari kashi 1 ruwa wajen kashi 10, ki daidaita tsamin ruwan da sitirik asid ya tsaya tsakanin pH 4 da 5, ki ɗora kwalbar a bahon ruwan ɗumi mai digiri 45 zuwa 50, ki ɗiga enzayim ɗin, ki bar injin yana girgizawa awa ɗaya zuwa 'yan awanni, ki naɗe kwalbar da takardar foyil saboda haske ma yana cin launin. Da farko za ki ga abin kamar kwaɓin fura mai kauri, can sai ya fara saki, ruwan saman ya riƙa yin duhu daga ruwan hoda zuwa ja mai duhu kamar zai koma shuɗi, in kin ɗaga kwalbar za ki ga garin ya yi laushi ya kwanta a ƙasa. Sai ki ɗaga zafin zuwa wajen digiri 90 na 'yan mintuna don ki tsayar da enzayim ɗin, ki sanyaya da sauri, ki juya a injin sentirifuj mai raba ruwa da gari, ki tace. Wannan ruwan shi za ki auna da gwajin Folin-Ciocalteu don sanin yawan folifenol, da gwajin DPPH wanda ruwansa shanshanbale ne sai ya riƙa koɗewa zuwa rawaya gwargwadon ƙarfin abin da kika zuba.

Abu biyu nake roƙonki kada ki yi wasa da su. Na farko, dole ki ajiye kwalba ɗaya da aka yi mata komai iri ɗaya amma ba a sa mata enzayim ba, domin ruwan ɗumi shi kaɗai ma yana fitar da kaya, in babu wannan kwalbar ba ki da hujjar cewa enzayim ne ya yi aikin, kuma wannan ita ce tambayar farko da za a jefo miki ranar kare furojek. Na biyu, wasu enzayim ɗin kasuwa ba tsantsa ba ne, akwai wani ɗan rakiya a ciki mai suna gulukosides wanda ke cire sugan da ke jikin antosayanin, da zarar ya cire launin sai ya lalace, don haka in kika zuba da yawa ko kika bar shi ya daɗe sai ki ga jimillar folifenol ta hau amma ja ya dushe. Ki riƙa ɗiban samfur lokaci-lokaci kina aunawa ki ga inda ya kamata a tsaya. In kuma sakamakon ya nuna enzayim bai ƙara komai ba ki rubuta hakan, sakamako ne shi ma, kada ki bari kowa ya sa ki gyara lamba.

Yanzu batun inda za ki samu, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Legas ba garin inabi ba ne, wanda ake tallarsa a go-sulo cikin 'yar roba daga waje ake shigo da yawancinsa kuma na ci ne, wanda ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna shi ma na ci ne. In malaminki ya dage sai inabi, ki sayi baƙin inabi mai ƙwallo, ki matse da kanki a lab, tuƙar da ta fito ba ta taɓa zama giya ba balle Baba ya damu, sai dai ki faɗa a rubutunki cewa haka kika yi. Amma ni a ganina, da za ki je ki same shi cikin ladabi ki nemi a juya taken zuwa abin da muke da shi da ya fi amfani nesa ba kusa ba. Ki shiga Mile 12 ko kasuwar 'ya'yan itace ta Ketu lokacin mangwaro ki ga tulin da ake zubarwa, ga ɓawon lemo, ga ɓawon abarba, ga tuƙar zoɓo, ga jan ɓawon gyaɗa da masu ƙuli-ƙuli ke fecewa iska ta kwashe. Kuma bari in gaya miki wani abu da zai ba ki ƙarfin gwiwa, masanin nan na Faransa Jacques Masquelier, wanda aikinsa ya buɗe kasuwar sinadarin ƙwallon inabi, a jan ɓawon gyaɗa ya fara gano wannan sinadarin a ƙarshen shekarun 1940 a birnin Bordo, daga baya ne ya koma ɓawon itacen fayin da ƙwallon inabi. Hanyar ɗaya ce, injinan ɗaya ne, sai dai in gyaɗa kika zaɓa ki tabbata an gwada ta saboda gubar afulatoksin. Ga cibiyar binciken masana'antu ta tarayya FIIRO nan Oshodi, tun 1956 take, daga Agege mota ɗaya ce, ki karɓi takarda daga sashenku ki je ki nemi shawara kan na'urorin da babu a makarantarku. Enzayim ɗin kuma a firij yake zama, da yanayin wutar nan tamu ki nemi lab mai janareto ko sola ki ajiye a can.

TAMBAYA: Malama, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, shekaruna sun haura hamsin. Wani yaro ya kawo min kafso a shago, dubu da yawa kwalba, wai na ƙwallon inabi ne, yana wanke jini yana hana tsufa da ciwon zuciya. Daga baya ɗana ya duba a waya ya ce min daga sharar giya ake yinsa. Shin da gaske yana magani, kuma ya halatta in sha?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da kasuwa. Ɗanka bai yi ƙarya ba, mafi yawan irin wannan kafson daga ƙwallayen da masana'antar giya da ta lemon inabi suka bari ake yinsa. Amma akwai bambanci da ya kamata ka sani kafin ka kai maganar gaban malami. Masu farar giya suna matse inabin ne tun yana ɗanye su ware tuƙar kafin ruwan ya tsima, don haka wannan tuƙar ba ta da barasa, daidai take da ta kamfanin lemo. Masu jar giya kuwa tare da ɓawon da ƙwallon suke tsima shi kwanaki, sai daga baya su matse, wannan tuƙar ta jiƙa da barasa. Bayan haka yawancin kamfanoni da etanol suke tatsar sinadarin sannan su ƙafar da shi ya zama busasshen gari, masu amfani da enzayim da ruwa zalla kuma ba sa buƙatar wannan, yana cikin dalilan da suka sa nake son hanyar. Sannan kwanson kafson kansa sau da yawa da jelatin ake yi, wanda kan iya zama na saniya ko na alade. Garin da ke ciki ba ya sa maye ko kwalba guda aka shanye, amma hukuncin tsarki da najasa na malamai ne, kuma sun yi magana mai faɗi a kan abin da ya rikiɗe daga asalinsa, kamar giyar da ta koma khal, wato binega. Ka kai wa malaminka waɗannan bayanan yadda suke, kuma in kana son ka huta da kokwanto ka nemi mai tambarin halal da lambar NAFDAC, ka duba lambar ka tabbatar ta gaske ce ba bugawa kawai aka yi ba.

Batun magani kuwa, Alhaji zan faɗa maka tsakani da Allah domin kuɗinka da lafiyarka ne. Abin da sinadari ya yi a kwalbar gwaji daban, abin da zai yi a jikin mutum daban. Yawancin folifenol hanji ba ya tsotse su sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta canza shi. Shi ya sa a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta sauke jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan ɗin abinci, saboda 'yan talla sun mai da shi abin yaudara. Kafin nan a 1994 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a ƙasar Finlan kan maza masu shan sigari wajen 29,000, waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin daga cikinsu, wadda ita ma antioksidan ce, sai aka ga kansar huhu ta ƙaru a cikinsu maimakon ta ragu. Wannan ba ƙwallon inabi ba ne, amma ya isa ya nuna maka cewa tara abu a ƙwaya ba ɗaya yake da cin sa a abinci ba. Duk wannan kasuwar ta samu iska ne tun farkon shekarun 1990 da aka yi ta yaɗa cewa jar giya ce ke kare zuciyar Faransawa, alhali a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa.

Inda waɗannan sinadaran suka nuna amfani a fili shi ne cikin abinci da kayan shafa, su hana mai da nama da biskit saurin lalacewa a madadin BHA da BHT na masana'anta, su ba da launi. Wanke jini da hana tsufa kuwa zancen mai talla ne. Kai da kake zaune a tsakiyar tumatir da alayyahu da karas da lemo, abin da yaron nan yake sayar maka a kwalba yana gaban shagonka a kwando. In kana shan maganin hawan jini ko na suga kada ka ajiye shi saboda kafso, in kuma kana kan maganin tsinka jini irin su wafarin kada ka haɗa su sai likitanka ya sani.

TAMBAYA: Anti ni zoɓo nake yi ina sayarwa a Idi-Araba, kullum sai na zubar da bokiti na tuƙa kuma har lokacin da sauran ja a jikinta. 'Yata ta ce akwai wani magani da Turawa ke sawa ya fito da sauran. A ina ake sayarwa?

AMSA: Hajiya sannu da sana'a, Allah ya sa albarka. 'Yarki enzayim take nufi, kuma gaskiyarta, jan zoɓo dangin jan inabi ne, antosayanin ne shi ma, shi ya sa in kin jefa kanwa ya yi yawa sai ki ga ya juye ya yi duhu kamar shuɗi-shuɗi, in kin matsa lemon tsami ya dawo ja wur. Amma ban ba ki shawarar ki nemi enzayim yanzu ba. A jarka ake sayar wa kamfanoni, yana son firij da ma'aunin zafi, kuma kuɗinsa zai cinye ribar. Kada kuma wani ya ce miki ɓawon abarbar da kike sawa yana wannan aikin, nasa enzayim ɗin nama yake tausasawa, tafasa ma tana kashe shi, ƙamshi kawai yake ba ki.

Abin da zai yi miki aiki yau ɗin nan shi ne ki wanke zoɓon ki ɗan daddaka shi kafin ki jiƙa, ki rage tsawon tafasa domin doguwar wuta tana mai da ja ya koma ruwan ƙasa, ki tace na farko, ki sake zuba ruwan zafi kaɗan a kan tuƙar ki rufe ta jiƙu, wannan ruwa na biyun da shi za ki sirka na farko a maimakon ruwan famfo. Robobin kuma a kula da ƙanƙara, kar a jera su a rana. Tuƙar da ta rage tana da fektin sosai, in kin markaɗa ta da suga da 'yar citta kika dafa a ƙaramar wuta kina juyawa za ta kama ta zama jam na shafa wa burodi, ki fara da kwalba biyu ki ba maƙwabta su ɗanɗana. Amma a ranar za ki yi, don da laimar Legas tuƙar da ta kwana a bokiti fumfuna ta riga ta fara kama ta, wannan kam sai dai taki.